Gudun Doki ko Tsinkewar Linzami? Gyara Kan Fahimtarmu ta Ciwon Daji

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin jama'a, har da waɗanda suka yi karatun kimiyya a sakandare. Cewa ake yi ciwon daji, wato sankara, ƙwayoyin halittar jiki ne da suka fi 'yan'uwansu saurin rabuwa. A wannan fahimta lafiyayyiyar ƙwaya tana hayayyafa a hankali, ta daji kuma tana yi da gaggawa, bambancin ke nan. Daga nan sai a gina hukunci a kai: duk kumburin da ya daɗe bai girma sosai ba, to ba daji ba ne. Sau da yawa za ka ji ƙanwa tana kwantar wa yayarta hankali a kan ƙullutun da ta ji a mamanta, tana cewa, "Haba Yaya, abin da ya shekara biyu yana nan yadda yake? Ai da daji ne da tuni ya kwantar da ke."

Masu wannan ra'ayi ba da son rai suka ɗauko shi ba. Sun ga yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura cikin 'yan makonni. Sun ga majinyacin da ciwo ya ci ƙarfinsa cikin wata biyu a ƙarshen jinya. Littattafan makaranta ma, don taƙaitawa, sukan bar ɗalibi da wannan hoto. Saboda haka ba na ganin laifin wanda ya riƙe ta. Sai dai maganar ta ɗauki abin da ido ke gani a ƙarshen ciwo ta mayar da shi asalin ciwon, kuma wannan kuskure yana jawo jinkirin da ke cin rayuka. Abin da bincike ya tabbatar shi ne, rabuwar ƙwaya tana ƙarƙashin ikon wani dangi na furotin da ake kira CDK, kuma daji yana farawa ne lokacin da wannan iko ya kuɓuce. Ga hujjojina ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko tana cikin jikin mai lafiya. Da a ce saurin rabuwa shi ne daji, da babu wanda ya kai lafiyayyen mutum ciwo. Jikin baligi na ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. A lissafin da masana biyu, Ron Sender da Ron Milo, suka wallafa a 2021, jiki na sabunta ƙwayoyi kimanin biliyan 330 kowace rana, mafi yawansu na jini, sai na hanji. Ɓargo kaɗai na fitar da jajayen ƙwayoyin jini fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, domin kowaccensu kwana 120 take yi ta mutu. Shimfiɗar da ke cikin hanji tana sabuntuwa gaba ɗaya cikin kwana 3 zuwa 5. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙarin sankarar mama yakan ɗauki watanni kafin ya ninka girmansa sau ɗaya. Ashe ɓargon mai lafiya ya yi wa yawancin sankara fintinkau a gudu, kuma babu wanda ya taɓa kiransa ciwo.

A ƙara da misalin hanta. A 1931 masu bincike biyu a Amurka, Higgins da Anderson, suka cire kashi biyu cikin uku na hantar ɓera. Ƙwayoyin da suka rage, waɗanda a da suke zaune shiru, sai suka tashi da rabuwa ba ƙaƙƙautawa, cikin kwanaki kusan 10 hantar ta koma nauyinta na asali. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya: da ta cika sai rabuwar ta tsaya cak. Haka fata take yi idan wuƙa ta yanke ka, ta rufe ciwon sannan ta dakata. Doki mai linzami yana iya sukuwa fiye da kowa a fili, amma yana jin an ja shi sai ya tsaya. Wannan tsayawar ita ce lafiya.

Hujja ta biyu ita ce, babu ƙwayar da ke rabuwa don kawai ta ci ta ƙoshi. Sai an ba ta izini, kuma izinin yana da masu bayar da shi. A tsakiyar shekarun 1950, a birnin Seattle na Amurka, Edmond Fischer da Edwin Krebs suka gano cewa ana kunna furotin ko a kashe shi ta hanyar liƙa masa wani ɗan ƙaramin sinadari da ake kira fosfet. Furotin da ke yin wannan liƙi shi ake kira kinas. Aikinsa ya yi kama da na mai riƙe da hatimi: takarda tana nan a rubuce, amma ba ta aiki sai ya buga. Wannan bincike ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1992. Jikin ɗan Adam na da kinas iri daban-daban fiye da 500, kuma daga cikinsu akwai dangin CDK mai mambobi kusan 20. Huɗu daga ciki, CDK1 da CDK2 da CDK4 da CDK6, su ne manyan masu riƙe da hatimin rabuwa.

Yadda aka gano su abin koyi ne ga duk mai son tabbatar da magana. Tun 1953 Alma Howard da Stephen Pelc, suna nazarin saiwar wake, suka nuna cewa rayuwar ƙwaya mai rabuwa zango huɗu ce. A zangon G1 tana girma. A zangon S tana kwafe kundin gadonta, wato DNA, mai haruffa kimanin biliyan 3 a kowane kwafi. A zangon G2 tana shiri. A zangon M sai ta raba kuromosom ɗinta, guda 46 a jikin mutum, ta tsage gida biyu. A ɗakin gwaji ƙwayar mutum kan kammala wannan zagaye cikin awa 24, amma tsagewar kanta kusan awa ɗaya ce. Abin da ba a sani ba a lokacin shi ne wa ke cewa a wuce daga wannan zango zuwa wancan.

A farkon shekarun 1970 Leland Hartwell ya ɗauki yis, irin wanda ake kwaɓa fulawar burodi da shi, ya nemo ƙwayoyin da suka maƙale a wani zango suka kasa wucewa. Ta haka ya gano saɗarorin gado masu yawa da ke kula da rabuwa, cikinsu har da wadda ya sa wa suna CDC28, mai ba da izinin farawa. A birnin Edinburgh kuma Paul Nurse, yana aiki da wani nau'in yis daban mai siffar sanda, ya ci karo da ƙwayoyin da ke rabuwa tun ba su wuce rabin girman da ya kamata ba. Bin diddiginsu ya kai shi ga saɗarar cdc2, aka kuma gane cewa kinas take samarwa. A 1987 a Landan, shi da Melanie Lee suka yi gwajin da ya rufe bakin masu shakka. Suka ɗauki yis ɗin da cdc2 ɗinsa ta lalace, suka zuba masa guntayen DNA na mutum. Wani guntu ya gyara shi, ya ci gaba da rabuwa lafiya lau. Wannan guntu shi ne abin da a yau muke kira CDK1. Hatimin da ke aiki a cikin yis shi ne ke aiki a jikinmu.

Saura tambaya ɗaya. Yawan CDK a cikin ƙwaya ba ya canjawa sosai daga zango zuwa zango, to me ya sa yake aiki a wani lokaci ya yi shiru a wani? Amsar ta fito a 1982 a Woods Hole, bakin teku a jihar Massachusetts. Tim Hunt na nazarin ƙwan wata halittar teku mai ƙayoyi kamar bushiya, sai ya ga wani furotin yana taruwa a hankali, da lokacin tsagewa ya zo sai ya ɓace ɓat, sannan ya sake taruwa a zagaye na gaba. Ya sa masa suna saikilin. Daga baya aka gane cewa CDK ba ya iya buga hatimi sai saikilin ya zo ya manne masa. Ma'anar sunan CDK ke nan: kinas mai dogaro da saikilin. Hartwell da Nurse da Hunt sun raba kyautar Nobel ta 2001 a kan wannan aiki.

Ga yadda tsarin yake tafiya a taƙaice. Idan jiki na buƙatar sababbin ƙwayoyi, saƙo kan zo daga waje, ƙwaya ta samar da saikilin D, shi kuma ya tayar da CDK4 da CDK6. Su biyun sai su buga hatimi a kan wani furotin mai suna Rb, wanda shi ne sakatar ƙofar da ke tsakanin G1 da S. Muddin Rb na nan a kulle, ba a fara kwafar DNA. Da an buga masa hatimi sai ya saki, CDK2 ya karɓi aiki tare da saikilin E, sannan da saikilin A. A ƙarshe CDK1 da saikilin B su kai ƙwaya ga tsagewa. Ba a rusa saikilin B sai kowace kuromosom ta kama igiyar da za ta ja ta zuwa ɓangarenta. Kuma saboda ana rusa saikilin bayan ya gama aikinsa, tafiyar ba ta komawa da baya, ba a kuma kwafe DNA sau biyu a zagaye ɗaya.

Kamar yadda ƙofofin Kano na dā suke da sarakunan ƙofa masu hana wucewa idan ba a gamsu ba, haka wannan tsari yake da masu hanawa. Furotin p16 yana kama CDK4 da CDK6 ya hana su aiki. Idan DNA ya samu rauni, furotin p53 kan tashi ya sa a samar da p21, wanda ke riƙe CDK har sai an yi gyara. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, p53 ya umarci ƙwayar ta kashe kanta don sauran jiki ya tsira. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na tsokar zuciya kuwa yawancinsu sun fita daga zagayen baki ɗaya, su yi shekaru da dama suna aiki ba tare da sun rabu ba.

Hujja ta uku: idan aka buɗe ƙwayar daji aka duba, a wannan tsari ake samun ɓarnar. Sunan Rb ma daga wata sankarar ido aka samo shi, mai suna retinoblastoma, wadda ke kama yara yawanci 'yan ƙasa da shekara 5. Alamarta ta farko sau da yawa wani farin ƙyalli ne a tsakiyar ido, kamar idon mage da dare. A 1971 Alfred Knudson ya yi nazarin yaran da suka kamu, ya nuna cewa sai an samu lahani biyu kafin ciwon ya tashi. Dalili shi ne kowace ƙwaya na da kwafi biyu na saɗarar Rb, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma ɗaya ta isa ta riƙe ƙofa. A 1986 aka ware saɗarar kanta. Babu wani abu da aka ƙara wa ƙwayar idon yaron don ta yi gudu. Sakatarta ce aka rasa. Haka kuma kusan rabin dukkan sankarorin ɗan Adam na ɗauke da lalatacciyar p53, da yawa sun rasa p16, wasu kuma, ciki har da wani kaso na sankarar mama, suna samar da saikilin D fiye da kima, ta yadda CDK4 ke buga hatimi alhali jiki bai aiko da saƙo ba.

Sankarar bakin mahaifa, wadda ke cikin manyan masu kashe mata a ƙasashenmu, ta ƙara fito da abin fili. Harald zur Hausen na Jamus da abokan aikinsa sun gano nau'o'in ƙwayar cutar HPV masu lamba 16 da 18 a 1983 da 1984, kuma su biyun ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Ƙwayar cutar na samar da furotin biyu. E7 yana kama Rb ya cire shi daga bakin ƙofa, E6 kuma yana sa a rusa p53. Wato masu tsaro biyu take kawarwa. Duk da haka, ga macen da garkuwar jikinta ke da ƙarfi, akan yi shekara 15 zuwa 20 tsakanin kamuwa da ƙwayar cutar da bayyanar sankara. Ciwon da ke ɗaukar shekaru ashirin yana ginuwa ba za a ce gaggawa ce siffarsa ba.

Hujja ta huɗu lissafi ne da kowa zai iya yi da alƙalami. Ƙullutu mai faɗin santimita ɗaya, wanda da ƙyar hannu ke jin sa, yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin biliyan ɗaya. Kafin ƙwaya guda ta zama biliyan sai ta ninka sau 30. A ɗauka, a matsayin misali, kowane ninki na cin kwana 100. Kwana 3,000 ke nan, fiye da shekara 8, ciwo na nan a ɓoye ba zafi ba alama. Daga nan ninki 10 kacal ya rage ya kai nauyin kilo ɗaya. Ninkin farko ya ƙara ƙwaya ɗaya tak, na talatin da ɗaya kuwa biliyan guda zai ƙara, alhali tazarar lokacin ɗaya ce. Wannan shi ne sirrin abin da jama'a ke gani su ce ciwon ya yi gudu a ƙarshe. Takunsa bai canja ba, tarin ne ya yi yawa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma tafiyar yawancin sankara ke nan.

Mai adalci zai iya tsayar da ni a nan ya ce, to yaron nan mai kumburin muƙamuƙi fa? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma na yarda akwai sankarori masu gudu na gaske. Wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, wadda ta fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Nijeriya, tana iya ninka girmanta cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Wasu nau'o'in sankarar jini ma haka suke. Amma a dubi asalinta. Tana fitowa ne daga fararen ƙwayoyin jini masu ƙera garkuwa, waɗanda a jikin mai lafiya, idan cuta ta shigo, suke rabuwa kowace awa 6 zuwa 12, sannan su dakata idan an ci ƙarfin cutar. A sankarar Burkitt, saɗarar gado mai suna MYC, wadda ke ingiza samar da saikilin da CDK4, kan ɓalle daga kuromosom ta 8 ta koma, galibi, ta 14, inda take zama a kunne dare da rana. Ko a nan ma lafiyayyun ƙwayoyin sun fi ta gudu. Abin da ta rasa shi ne dakatawa. A ƙara da cewa ƙwayar daji na ƙin mutuwa lokacin da ya kamata ta mutu, tana kuma ƙetare iyaka ta shiga gaɓar da ba tata ba. Duk waɗannan alamun rashin jin umarni ne.

Hujja ta biyar daga ɗakin jinya take. Magungunan daji na tun asali, waɗanda ake kira kemo, yawancinsu suna kai hari ne ga ƙwayar da suka tarar tana cikin rabuwa. Shi ya sa suke tasiri ƙwarai a kan sankarar Burkitt, har yara da yawa su warke idan an fara da wuri aka kuma kammala. Shi ya sa kuma gashi ke zuba, baki ya yi gyambo, ciki ya ɓaci, jini ya ragu: tushen gashi da hanji da ɓargo su ne masu saurin rabuwa a jiki. Wahalar da majinyaci ke sha shaida ce cewa gudu ba na daji kaɗai ba ne.

Fahimtar dangin CDK ta buɗe wata hanya daban. A 2001 masu bincike a ɗakin gwajin Piotr Sicinski da ke Boston suka nuna cewa ɓerayen da ba su da saikilin D1 ba sa kamuwa da wasu nau'o'in sankarar mama da ke kama 'yan'uwansu. Wato akwai sankarar da ta dogara kacokan a kan wannan hatimi guda. A 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da palbociclib, maganin haɗiya da ke toshe CDK4 da CDK6, sai ribociclib da abemaciclib suka biyo baya a 2017. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2016, matan da sankarar mamansu ta yaɗu, waɗanda aka haɗa musu palbociclib da wani magani mai suna letrozole, sun samu kusan wata 25 a tsaka-tsaki kafin ciwon ya ci gaba, waɗanda suka sha letrozole kaɗai kuma wata 14 da rabi. Gaskiya ta wajabta a faɗi iyakar palbociclib. Ana amfani da shi ne ga nau'in sankarar mama mai dogaro da sinadaran mata, yana rage fararen ƙwayoyin jini, yana da tsada, kuma jinkirta ciwon da ya yaɗu yake yi. Ba ya kuma aiki idan ƙwayar ta riga ta rasa Rb, domin hana buga hatimi ba shi da amfani a ƙofar da ba ta da sakata. Wannan iyakar ma ƙarin shaida ce cewa a nan matsalar take.

Ɗan'uwa mai karatu, na tsawaita a kan wannan ne saboda abin da ke biyo bayan kuskuren. Wanda ya yi imani daji gudu ne zai ɗauki jinkirin ƙullutu a matsayin albishir, ya zauna yana jira, alhali wannan jinkirin shi ne damar da ake da ita ta kama ciwon tun yana wuri guda. Gaskiya ne yawancin ƙullutun mama ba sankara ba ne, amma daɗewarsa ko rashin zafinsa ba su ne ke tantancewa ba, gwajin asibiti ne. Matar da ta ji ƙullutu ta je a duba, ko da ya shekara yana nan yadda yake. Uwar da ta ga farin ƙyalli a idon ɗanta ta kai shi asibitin ido a makon nan. Tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara ba 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV, sai iyaye su kai 'ya'yansu, matan aure kuma su riƙa zuwa gwajin bakin mahaifa. Idan ka ji wani yana cewa "ai ya daɗe, ba daji ba ne," ka gyara masa cikin ladabi, ka kuma raka mai ciwon wurin likita.